Ƙuri'ar Malama Thirkettle

Leicester, 22 ga Afrilu

Ɗana Desmond,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fatan kana lafiya, kai da Glenys da jikoki. Ni dai na gode Allah, ƙugun da aka yi wa aiki ya fara yarda da ni. Jiya na tako daga ƙofar Philippa, 'yar ƙanwata, har akwatin wasiƙu na kwanar layi, na aika ƙuri'ata da hannuna. Kada ka tambaye ni wanda na zaɓa, ka san doka. Amma ka san wadda ta koya maka iyo.

Na ga hotonka a takardar neman ƙuri'a. Wa ya ce ka sa kwat? Ka yi kama da wanda za a kai kotu. Mutanen Kelmsea da ƙyallen suyar kifi a ƙirji suka san ka shekara talatin, a haka za su zaɓe ka kansila.

Ka ce in rubuto maka tarihin tafkin don ka faɗa a taron ɗakin coci. To, ga shi a taƙaice, kuma kada ka ƙara gishiri. Shekarar da na zo garin ina 'yar ashirin da biyu, masunta ba sa koyon iyo. Cewa suke in teku ta kira mutum, iyo wahala kawai zai ƙara masa. A watan Oktoban shekarar jirgin kamun ƙaguwa ya kife kusa da gaɓa, mutum uku suka nutse matansu na tsaye suna kallo. Tazarar ba ta kai tsawon filin makaranta ba. Da bazara ta zo na kwashi ajina zuwa tsohon tafkin dutse, wanda teku ke cikawa da kanta sau biyu a rana, muka kwashe ciyawar ruwa da hannu. Shugaban makaranta ya ce na zautu. Shekara talatin da takwas na yi a bakin wannan tafki da usur a wuya, kuma tun daga nan ba yaron Kelmsea da ya sake nutsewa.

Ka tuna musu lissafin: kansila bakwai na son a cike shi a yi wurin ajiye motoci, bakwai ba sa so. Kujerar da kuke nema kai da Noreen Utting ita ce raba gardama. Amma kada in ji ka ci mata fuska. Ita ma tawa ce, a gabanka take zama a aji, kuma ta fi ka lissafi.

Kada ka buga waya, ba na jin komai sai kukan sauro a cikinta. Ka rubuto.

Ka huta lafiya.
Malamarka,
Hilda Thirkettle

Kelmsea, 3 ga Mayu

Malama,

Bayan gaisuwa da tambayar jiki. Ki zauna kafin ki karanta, kada ki lalata aikin likita.

Mun faɗi. Wato ba mu faɗi ba, amma mun faɗi.

Jiya Juma'a da hantsi aka yi ƙidaya a zauren wasanni na makarantarmu. Har yanzu warin nan na tsohon takalmin roba yana nan. Aka ƙirga, ni ɗari shida da sha ɗaya, Noreen ɗari shida da sha ɗaya. Aka sake, haka. Aka sake na uku, kunnen doki dai. Tsoho Clifford Pask mai gyaran raga ya ɗaga murya daga baya ya ce, "Ku ba su safar dambe mana mu je mu ci abinci!"

Jami'in zaɓen, wani siriri da aka turo daga hedikwata, ya ce doka ta tanadi yadda ake yi. Ya rubuta sunana a 'yar takarda, ya rubuta nata, ya ninke, ya jefa a akwatin da aka juye. Ya kau da kai ya zura hannu. Malama, na fita teku da jirgin ceto cikin hadarin da igiyar ruwa ta fi cocinmu tsayi, amma ban taɓa jin tsoro irin na jiya ba. Ya buɗe ya ce, "Noreen Utting."

Na ba ta hannu kamar yadda kika koya mana. Ta ce, "Des, hannunka duk maiƙo." Na ce, "Ranki ya daɗe kansila, maiƙon ne ya ciyar da ke duk daren Juma'a tun kina amarya." Ta yi dariya, amma idonta ya yi ja.

Ƙuri'a tara suka lalace. Ba wani abu a cikinsu, shirme ne kawai. Wani ma kifi ya zana.

Da na fito na bi ta tafki. Ruwa ya janye, ya bar shi cike fal, shiru, kamar bai san an yanke masa hukunci ba. Na zauna a kan dutsen da kike ajiye tawul ɗinmu har sanyi ya kore ni.

Glenys na gaishe ki. Ta ce kwat ɗin shawararta ce, kuma tana nan a kan bakanta.

Ɗalibinki har kullum,
Des

Leicester, 7 ga Mayu

Ɗana Desmond,

Gaisuwa da jaje. Na karanta wasiƙarka sau uku, shayina ya huce ban taɓa ba. Ka yi abin da ya dace, kuma ina alfahari da kai. Mai suyar kifi da ba shi da jam'iyya ya tsaya kafaɗa da kafaɗa da 'yar jam'iyya, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Amma mutum tara! Desmond, mutum tara a garin da na koyar! Abin da ake nema fa ɗaya ne: ka ja giciye a cikin akwati guda, ka ninke. Ɗan shekara shida zai iya. Da ɗaya daga cikin masu sakacin nan ya natsu ya karanta umarnin da ke saman takarda, da yanzu ba a bar makomar tafki a hannun sa'a ba. Sau nawa na ce muku a karanta tambaya kafin a amsa? In ka san ko mutum ɗaya a cikinsu, ka faɗa min sunansa. Tsufa bai hana ni jan kunne ba.

Na rubuta wa Noreen ina taya ta murna, na kuma faɗa mata ra'ayina a kan mutanen nan tara. Ba zan roƙe ta komai ba, ta san inda nake.

Ka gaida Glenys. Ka ce mata ban sauya ra'ayi a kan kwat ɗin ba.

Malamarka,
H.T.

Kelmsea, 12 ga Mayu

Zuwa ga Malama Thirkettle,

Ina gaishe ki da girmamawa, ina kuma godiya da wasiƙarki. Na yi kwana biyu ina shawarar ko in amsa sashenta na biyu. Des ya roƙe ni kada in yi. Amma rabin gari sun sani, kuma gara ki ji daga bakina da ki ji a layin gidan burodi.

Kafin a sanar da sakamako, akan kira 'yan takara da wakilansu a nuna musu ƙuri'un da ake shakka a kansu, ɗaya bayan ɗaya. Ta bakwai da jan alƙalami aka cike ta. Giciyen yana daidai a gaban sunan Des, tsaf kamar an sa abin awo. A gefe an rubuta, "Madalla, ka dage." A ƙasa kuma H.T., da 'yar wutsiyar nan da kike ja a ƙarƙashi.

Jami'in baƙo ne. Ya ce nufin mai zaɓe a fili yake, matsalar ɗaya ce: doka ta hana ƙirga ƙuri'ar da za a iya gane mai ita. Ya ce haruffa biyu na iya zama na kowa. Bai rufe baki ba wakilina, Roy Larter, ya tuntsire da dariya ya ce, "Na kowa? Wannan hannun ne ya ba ni biyu cikin goma shekara huɗu a jere!" Na taka masa ƙafa, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe.

Jami'in ya ce maganar ɓangare ɗaya ba ta isa ba. Ya juya ga Des ya ce, "Kai fa, ka san mai wannan rubutu?" A lokacin duk mun san alƙaluman. In Des ya ce a'a, ya ci da ƙuri'a ɗaya, kuma wallahi da ban musa ba. Ya kalli takardar, kunnuwansa sun yi jawur. Sannan ya ce, "Na san ta. Ita ta koya min rubuta sunana."

Game da tafki, zan faɗa miki gaskiya. Babana na cikin mutum ukun nan da suka nutse, ba sai an tuna min ba, kuma hannunki ne a ƙarƙashin haɓata ranar da na fara sakin bangon tafkin. Amma bangon ya tsage wuri uku, injiniyoyi biyu sun duba. 'Ya'yana duka sun bar gari don ba aiki. Baƙi na zuwa su rasa inda za su tsaya da mota su wuce gaba. Na yi wa mutum ɗari shida da sha ɗaya alkawari, kuma ke kika koya min abin da ake yi da alkawari.

Allah ya ƙara sauƙi.

Taki cikin ladabi,
Noreen Utting

Leicester, 15 ga Mayu

Desmond,

Ina gaishe ka, in har za ka amsa gaisuwar tsohuwar banza.

Noreen ta faɗa min. Na tuna yanzu. A teburin kicin na cike ta, da rana, da alƙalamin da ke jakata kullum. Na ga sunanka a buge cikin manyan baƙaƙe, sai na ga yaron nan mai kunnuwa kamar faranti wanda ya yi makonni uku yana riƙe da tsanin tafki yana kuka. Hannuna ya yi abin da ya saba yi a kan littattafai dubu nawa. Ban ma san na yi ba. Na ninke ina jin daɗin kaina.

Ni na ce a karanta umarni. Ni na nemi suna don in ja kunne.

Me ya sa ba ka yi shiru ba, ɗana? Ba ƙarya nake so ka yi ba, Allah ya sani. Amma tun jiya nake tambayar kaina, kuma ban ji daɗin amsar da zuciyata ke bayarwa ba. Na gaya wa Philippa wataƙila in zauna nan gaba ɗaya. Ban ga idon da zan kalli Kelmsea da shi ba.

Ka yafe min.
Hilda

Kelmsea, 6 ga Yuni

Malama,

Gaisuwa. Na yi jinkiri don ina jiran zaman majalisa, in haɗa miki labari gaba ɗaya.

Da farko, maganar yafiya ki bar ta. Kin tambayi dalilin da ya sa ban yi shiru ba. Na gwada, Malama. Na buɗe baki da niyyar a'a. Amma shekara shida na yi a ajinki ina neman kalmar nan ta "Madalla", abin da na fi samu shi ne "Ka sake". Yau ga ta a gaban sunana, a gaban jama'a, sai in ce ban san hannun ba? Ba zan iya ba.

Maganar ido kuma, Clifford ya ce in gaya miki shi ne ya zana kifin a ƙuri'a, kuma bai ga wanda ya fasa gaishe shi ba.

Shekaranjiya aka zauna. Takwas da bakwai, za a cike tafki. Noreen ta ɗaga hannu ba ta kalli kowa ba. Amma da 'yan kwangila suka ce za su fara a Yuli, ta miƙe ta ce ba mai taɓa dutse ɗaya sai ƙarshen Satumba, injiniyoyi sun ce bangon zai kai lokacin. Shugaban majalisa ya ce, "Kansila Utting, wane ɓangare kike?" Ta ce, "Ɓangaren da ya iya iyo, ranka ya daɗe."

Jiya ta shigo shago ta ajiye min takarda a kan kanta, ba ta sayi komai ba. Sunayen yaran makaranta ne da ba su iya iyo ba. Arba'in da uku. Na huɗu daga ƙasa jikarta ce.

Ni da mutanen jirgin ceto za mu iya shiga ruwa. Amma ba mu san yadda ake sa yaro ya saki bango ba.

Ɗalibinki,
Des

Leicester, 9 ga Yuni

Ɗana Desmond,

Gaisuwa a gurguje, Philippa na jiran ta kai wannan gidan waya.

Mako goma sha shida ke nan zuwa ƙarshen Satumba. Ya isa, in ba a yi wasa ba. Ka raba su gida huɗu, matsoratan su zo farko, da safe kafin iyaye su taru suna ba da shawara. Ka samo min kujera mai tsayi wadda ba ta nutsewa a yashi, da bargo, da jadawalin cikar teku.

Jirgin ƙasana zai iso Asabar ƙarfe sha ɗaya da kwata. Kada ka kai ni gida tukuna. Mu fara zuwa mu ga ruwa.

Malamarka,
Hilda Thirkettle