Ranar Asabar ɗin da Ioelu ya tsallake

Zuwa ga ƙanwata Sieni a Brisbane,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina roƙon Allah ya sa kina lafiya ke da maigidanki. Mu nan ƙauye lau muke, sai dai gwiwata da ke riga kowa sanin za a yi ruwa. Gwaza ta yi kyau bana.

To, zancen ɗanki Ioelu ne ya sa na ɗauki biro. Kin san dangi sun yarda a ba shi sarautar gidanmu, wadda ke zaune ba mai ita tun rasuwar Baba. Ranar Asabar aka sa. An shimfiɗa tabarmi, an gasa aladu, dattawan gari sun zauna ana dama 'ava, abin shan naɗin sarauta, gurbinsa a jikin ginshiƙi babu kowa. Sai ranar Lahadi muna tsakiyar waƙa a coci ya shigo da jaka, yana murmushi wai ya iso da wuri. Inna Malama ta ce masa lallai ya yi sammako, tunda ya riga mako mai zuwa isowa.

Na ja shi gindin kwakwa na tambaye shi. Ya ce ke kika saya masa tikiti, kuma Asabar aka rubuta. Na duba, haka ne. Daga Pago Pago, inda yake aiki, zuwa filin jirginmu na Faleolo bai wuce kilomita ɗari da hamsin ba, tafiyar da da ƙyar take haura rabin awa. Auna nauyin fasinja ma ya fi tafiyar daɗewa. Amma ko akuyar gidan nan ta san Asabar ɗin can Lahadin nan ce, tunda layin canjin rana ya ratsa tsakaninmu, mun riga su da kwana ɗaya. Matata ta ce in yi miki uzuri, wai lokacin da kika bar ƙasar kwanan watanmu ɗaya ne da mutanen Pago Pago, daga baya aka canza. Na ce ƙwarai, amma matar da ba ta taɓa kuskure ranar haihuwar jikokina bakwai ba, yaushe kalanda ta fara ruɗa ta? Kuma ban manta ba, a jana'izar Baba kin ce sarauta ce ta tsufar da shi.

Dattawa sun ji kunya, sun ce Asabar ta sama ce ta ƙarshe, in ba haka ba Pesamino ɗan kawu za su naɗa. Ioelu ya ce zai koma bakin aiki ya dawo. Na karɓe fasfonsa na sa a ƙarƙashin matashina. Shi kuwa ko musu bai yi ba, har ya ƙara abinci. In ba kya so, Sieni, faɗa mini da bakinki kafin Juma'a, Juma'ar nan wajenmu nake nufi. In kin yi shiru, za a naɗa shi.

Ki gaida maigidanki Tuala, da Fetu da 'ya'yanta. Inna Malama tana gaishe ki, ta ce ki aiko mata da man zafi.

Yayanki,
Falaniko