Fatar da Na Liƙa wa Yaya

Litinin, 6 ga Oktoba

An ba mu aikin farko a darasin zane da kwamfuta. Kolaj. Wato ka yanko gutsattsarin hotuna daga nan da can, ka liƙa su wuri ɗaya har su zama hoto guda. Da almakashi da gam ake yi a da, mu a kwamfuta za mu yi. Na ce a raina ashe ɓarnar da muke yi wa mujallun Umma muna yara ana zane mu, ita ce yau ake ba wa maki.

Aikin kashi biyu ne. Kowa ya zaɓi wani gwanin kolaj ya binciki yadda yake aiki, ya rubuto. Sannan ya haɗa nasa a kan mutumin da ya fi kusa da shi. Malamarmu, 'yan aji Malama Don-me suke ce mata, saboda ko atishawa ka yi sai ta nemi dalili.

Mutum mafi kusa da ni ba sai na yi tunani ba. Yaya ce. Sai dai Yaya ba ta yarda a ɗauke ta hoto.

Laraba, 8 ga Oktoba

Na gwada ta cikin wasa, muna ninke kaya. Ko ɗago kai ba ta yi ba, ta ce in yi na Umma. Umma kuwa in na ce zan ɗauke ta, sai ta canza kaya sau uku ta ce hancinta bai fito ba.

Tun da gas ya kama da wuta a kicin, ina firamare lokacin, babu hoton Yaya ko ɗaya a gidan nan. Tabon ƙunar a kuncinta na hagu yake, ya gangara zuwa wuya. In za ta fita sai ta ja mayafi ta rufe gefen. A shagon buga takardun da take aiki ma can ciki take zama bayan injuna, ogansu ne ke gaba yana karɓar masu kawo aiki. Ko a gaban Umma ba ta sakewa, don Umma da ta kalle ta sai idonta ya kawo ruwa, Yaya kuma ta tsani haka.

A ɗakinmu kaɗai take yar da mayafin a bakin gado ta zauna yadda take so. Ta taɓa ce mini, “Auta, ke kaɗai ce ba kya kallona kamar mara lafiya.” Ban taɓa gaya wa kowa ba, amma babu maganar da nake taƙama da ita kamar wannan.

Asabar, 11 ga Oktoba

Na ɗauki Yaya hoto. Tana guga tana dariyar wani shirme a rediyo, na yi kamar ina duba saƙo. Ba ta sani ba.

Ai in ta ga abin da zan yi da shi za ta yafe.

Talata, 14 ga Oktoba

Binciken ya dawo mini da jan biro kamar an yanka kaza a kai.

Wata mata na zaɓa, tsohuwa, wadda har yanzu bakina bai iya sunanta ba. Fuskoki take haɗawa daga tsofaffin takardu, ido daga nan, baki daga can. Kuma ba ta gyara bakin yankan. Inda ta yaga da hannu sai ta bar shi a yage, har busasshen gam ana gani. Ni dai a ganina ƙyuya ce. Na kwaso abin da aka rubuta a kanta a intanet, na sassauya kalmomi, na miƙa.

Malama ta rubuta a ƙasa cewa ta san shekarar da aka haifi matar, ba wannan ta tambaye ni ba. Don me take barin yankan a fili? In je in kalli aikin da idona.

Na kalla. Har yanzu ƙyuya nake gani.

Alhamis, 16 ga Oktoba

Ɗakin kwamfuta yau kamar tanda, fanka ɗaya ce ke aiki, ita ma da ƙyar. Na samu injin da ke kusa da taga, wanda linzaminsa ke maƙalewa sai ka buga shi a tebur.

An koya mana leya. Kamar ka jera takardu masu shara-shara ɗaya kan ɗaya, kowace da abin da ke kanta. Kowace leya akwai ɗan ido a gefenta, in ka danna sai ta ɓace, ka sake dannawa ta dawo. Malama ta ce kowa ya riƙa sa wa leyoyinsa suna, kar ya rikice. Ta kuma ce kafin a kai bugu a haɗe su su zama shafi ɗaya.

Na buɗe hoton Yaya, na ƙara masa girma don in yanke ta daga bangon ɗaki. Da fuskar ta cika allon sai na kawar da ido. Na yi maza na rage shi. Na kusa da ni ne yake leƙe, shi ya sa.

Ko da yake ban tabbata ya leƙa ba.

Litinin, 20 ga Oktoba

Yau na yi abin da ban san na iya ba.

Cikin hotunan da aka tara mana na yanka akwai tallan man shafawa, wata mata ta juyo da kunci. Na yanko kuncin na ɗora a kan na Yaya. Da farko abin dariya, kamar an manna mata filasta. Na zauna na rage haske, na daidaita launi, na bi gefen ina laushe shi kaɗan-kaɗan har ya narke cikin fatarta. Ban tashi cin abinci ba. Mai kula da ɗakin sai da ya kaɗa mini makullai a kunne.

A kewayenta na zuba abubuwanta: dutsen guga, takardu masu launi irin na shagonsu, rediyon, labulen ɗakinmu. Waɗannan na bar su da bakin yanka, don Malama ta ga na ji magana.

Da na ja baya na duba, Yayata ce ta da, wadda take goya ni zuwa makaranta. Na yi kuka, na ce mura ce.

Na dawo gida ina ta satar murmushi. Ta ce ko saurayi na yi ne. Na ce kyauta nake haɗa mata. Ta ce in dai ba girki na ba ne tana so.

Alhamis, 23 ga Oktoba

An haska aikin kowa a bango. Da aka zo nawa sai Kyaftin, shugaban ajinmu, ya ce wannan yayar tawa tana da miji kuwa? Aka kwashe da dariya. Kaina ya kumbura, ba zan ɓoye ba.

Malama ta matsa kusa ta daɗe tana kallo. Ta ce hannuna yana da kyau. Sai ta sa yatsa daidai kuncin hagu ta ce ko'ina ta ga inda na yanka, ban da nan, kuma nan ɗin ne ya fi shan aiki. Don me?

Na ce haske ne bai yi kyau a wurin ba.

Ta kalle ni ta saman tabarau, ta wuce na gaba. Duk da haka nawa yana cikin waɗanda za a rataye a barandar sashe. Kowa ya ba Kyaftin aikinsa a filas ɗin kwamfuta ya kai a bugo manya.

Litinin, 27 ga Oktoba

Na ba Kyaftin a gurguje, mota na jira. Gobe ko jibi zan san yadda zan gaya wa Yaya.

Laraba, 29 ga Oktoba

Wayyo ni.

Da rana Kyaftin yake ba da labarin shagon da ya kai aikin, wai bayan tashar mota, mai koren ƙofa, ogan ya yi masa sauƙi. Shagon su Yaya ke nan. Shaguna nawa ne a garin nan, sai nasu? Kuma ni da na san inda 'yan makaranta ke kai bugu, me ya hana ni tambaya?

Na kira Yaya ba ta ɗauka ba. Na je, ogan ya ce ta gama aikin ɗalibai ta tashi da wuri, kanta na ciwo.

Na same ta a ɗaki. Ta ajiye hoton a nannaɗe a kan gadona, an ɗaure shi da roba. Sauran na shago, nawa kaɗai ta taho da shi. Na buɗe. Ta buga shi a takarda mafi tsada, ta datse gefunan tsaf. Na mayar da shi na nannaɗe.

Alhamis, 30 ga Oktoba

Da mayafi ta wuni a ɗaki. Ta ja shi ta rufe gefen, yadda take yi wa baƙi.

Juma'a, 31 ga Oktoba

Haka yau ma. Tana yi mini magana lafiya lau, miƙo mini wancan, kin ci abinci, rufe taga. Da ta zage ni da ya fi mini.

Umma ta tare ni a kicin ta ce me na yi wa 'yarta. Na ce ba komai. Ta ce ba komai ba ya sa mutum ya kwana da mayafi.

Haushi ma nake ji. Kwana nawa na yi a kan hoton nan? Don wa na yi? Wani ma bai san akwai tabo ba, ai rufa mata asiri na yi.

Asabar, 1 ga Nuwamba

Na kasa haƙuri. Tana jera takalma na ce Yaya don Allah ki yi magana. Na fara bayani, satar hoton kuskure ne, na sani, amma niyyata...

Ta ce ba satar ce ta dame ta ba.

Ashe ban haɗe leyoyin ba. Ainihin fayil ɗin aikin na ba Kyaftin, komai a buɗe. Ita kuwa kullum irinsa take buɗewa. Ta ce ta ga ɗan idon, ta danna, fuskarta ta fito. Ta sake dannawa, ta wata ta dawo. Ta ce ta daɗe tana yi, injin yana ta jira.

“Fatar wa kika liƙa mini?”

Na ce ta wata mai tallan mai.

Ta yi 'yar dariya. Ta ce na iya aiki, ita da take wannan sana'ar ba ta ga bakin haɗin ba. Sannan ta ce ta ga sunan da na sa wa leyar. Ni har na manta. Gyara na rubuta.

“Da nake cewa ba kya kallona kamar mara lafiya, Auta, ashe ba kya kallona ne kwata-kwata.”

Na ce ba gaskiya ba ne. Ta ce to, in faɗa mata inda tabon ya tsaya. Ya kai kunne ko bai kai ba?

Ɗaki ɗaya muke kwana tun ina yarinya. Ban sani ba.

Ta ci gaba da jera takalmanta.

Litinin, 3 ga Nuwamba

Na gaya wa Malama a cire nawa daga baranda. Na shirya wa don me ɗinta, sai ba ta tambaya ba. Ta ce makin bugu zai tafi, kuma har yanzu tana jiran bincikena. Kyaftin ya ce ba ni da hankali, ya riga ya sayo ƙusoshi.

Na koma injin taga. Na kashe leyar, na ƙara girman hoton har ya cika allon, na ɗora hannuwana a cinya don kar su kai ga linzami. Na yi ta son kawar da kai. Kunya ce ko tsoro, ban sani ba. Ina jin tun ranar da aka dawo da ita daga asibiti na koyi kallon idonta na dama kawai, har na ɗauka ƙauna ce.

Tabon ba launi ɗaya ba ne. Wani wuri yana sheƙi, wani wuri ya tattare. Kuma dariyar da take yi a hoton, har da shi ake yin ta, yana ɗagawa sama tare da bakinta. Fatar da na liƙa ba ta motsi. Rabin dariyar na kashe ban sani ba.

Na rubuta wa Malama shafi guda a kan tsohuwar nan. Ban kwafo komai ba. Ban sani ba ko daidai ne.

Laraba, 5 ga Nuwamba

Babu wani labari. An rataye na sauran, na bi ta ɗaya ƙofar.

Da yamma Yaya na guga, mayafin na zamewa tana gyarawa, yana zamewa tana gyarawa, har ta gaji ta bar shi a kafaɗa. Zafi ne, ba wani abu ba. Ina zaune a bakin gado ta hagunta. Ban kawar da kai ba.

Ta ce, “Me kike kallo?”

Na ce ke.

“To kin gama?”

Na ce tukuna.

Ta tsaya da dutsen a sama kamar za ta ce wani abu, sai ta juya rigar ta ci gaba da goge hannunta. Ba ta yi dariya ba, ba ta kuma ce ta haƙura ba, kar in ruɗi kaina.

Bai kai kunne ba. Saura kamar faɗin yatsa biyu.