Na'urarka Ta Farka Ba Ta Manta Komai Ba

Zuwa ga Midhat, sanyin idona, inuwar dabinona a tsakar rana, idon ruwan da ba ya ƙafewa komai fushin rairayi! Ya mai taurin kan da na fi ƙauna a duk faɗin Masar, ga gaisuwa daga Dakhla, daga zuciyar da ka ɗauka za ka iya sallama ta bakin wani.

Saƙonka ya iso. Kawu Sabri ya zaunar da ni, yana ta murza carbi, ya kasa haɗa ido da ni, ya ce, "Sawsan 'yata, yaron nan ya ce an kore shi daga aiki, ba zai ɗaure ki da jira ba. Wai ya yafe miki alkawari." Ya yafe mini! Wa ya roƙe ka? Kai da ka tsaya gaban manyan kamfaninku ka ƙi sa hannu a kan sabuwar na'urarsu, ni ce ka kasa fuskanta, har ka laɓe bayan tsoho?

Ka tuna yammacin nan a bakin Nilu, muna cin tirmis, waken nan mai gishiri, a ƙunshin takarda? Sauran samari suna rera wa 'yammatansu waƙa, nawa saurayin yana yi mini karatun ƙwaƙwalwar na'ura! Ka ce, "Sawsan, ƙwaƙwalwar nan tulu ce mai yoyo. Ko na'ura tana barci, sai an riƙa ƙara mata ruwa, in ba haka ba abin da aka zuba ya tsiyaye. Kowane ƙari kuma batir yake ci." Ka ce su manyanku so suke a jinkirta ƙarin, don su rubuta a jikin kwali cewa batirinsu ya fi na kowa daɗewa. Kai kuwa ka kafe: in zafi ya tsananta yoyon yana ƙaruwa, dole na'ura ta ji zafin ta yawaita ƙari, ko da batir zai ƙare da wuri. Na ce, "To ai sun gwada tasu, ko?" Ka yi tsaki, ka ce, "A ɗaki mai sanyin inji suka gwada. Waye a cikinsu ya taɓa kwana a garinku a watan Agusta?" Dariya na yi maka ranar, amma wallahi a tsakin nan ka gama da zuciyata.

To saurara, abin alfaharina, Agusta ya zo ya yi maka shaida.

Makon jiya wuta ta ɗauke mana kwanaki, janaretan asibitinmu kuma ya ƙi tashi. Zafi irin wanda jaki ke ƙin fita daga inuwa. Firjin allurar rigakafi yana rufe da 'yar ƙanƙararsa, ba na buɗewa don kada sanyin ya gudu, ga 'yar na'urarka ta gwaji mai adana lissafin sanyinsa, wadda ka ɗaura masa da hannunka, ta rufe ido ta shiga barci. Ranar da wuta ta dawo, ranar rigakafi ce. Iyaye mata sun cika baranda da jarirai, wata ma tun daga ƙauyen bayan tudu ta hawo amalanke. Ni kuwa ina tsaye da tambaya ɗaya: maganin nan yana da rai, ko ruwan banza zan tsira wa 'ya'yan mutane?

Na danna ta. Ta farka, Midhat! Batirinta saura ƙiris, kamar mai azumi dab da magariba, amma ba ta manta komai ba. Ta nuna mini sanyin firjin tun daga ɗaukewar wuta har dawowarta, bai taɓa tsallake iyaka ba. Na yi wa yaran nan allura har la'asar, suna tsala ihu, ban taɓa jin waƙa mai daɗin wannan ihun ba.

Da yamma Nagwa, abokiyar aikina ta asibitin ƙauyen gaba, ta kira ni tana kuka. Su ma wuta ta ɗauke musu, su kuwa sabuwar na'urar kamfaninku aka kai musu, mai dogon batir. Ta ce, "Ke 'yar'uwa, abar nan ta tashi da batir taf, kai kuwa fanko, sai ka ce manajan da ya sayar da ita!" Ba ta san halin da maganinta ya kwana ba, don haka ta zubar da shi duka, ta mayar da uwaye gida da jariransu. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

Yanzu faɗa mini, hasken raina, wannan ne mutumin da zan bari don ya rasa kujera? Wace ce ta fi ni miji a wannan kwarin? Kewarka tana cina, ina jin ta a ƙirji kamar ƙishirwa, ina jin haushinka, ina kuma alfahari da kai har ina jin kunyar yadda nake ambaton sunanka a gaban mutane. Ba albashinka na yi wa alkawari ba. Aiki zai zo, ko bai zo da wuri ba ina da hannu biyu, muna da dabino.

Na gaya wa Kawu saƙon da ka ba shi ya yi masa nauyi, ya mayar wa mai shi. Ya ce, "Ni ma daman bai zauna mini a baki ba." Ranar Alhamis za mu shigo motar Alkahira, ni da shi, da 'yar'uwar mahaifiyata mai son sa rana. Ka gaya wa Mamarka ta ɗora shayi. Ka kuma aske gemun baƙin cikin nan da na tabbata ka tara, don ba zan zauna kusa da shi a hoto ba.

Taka jiya, taka yau, taka har ranar da za a rufe ni da ƙasa,
Sawsan