Ranar da Inna Ta Je Majigi

Hamma,

Gaisuwa mai yawa. Yaya jiki, yaya sanyin Ingila? Mu nan Majidaɗi duk lafiya.

Mun ji ka gama digiri, amma za ka zarce da karatun sinima. Shekaranjiya motar majigi ta zo gari. Inna ta ɗauki tabarma ta zauna can gaba, wai tunda aikinka ne, za ka fito. Da aka nuna wani baƙin mutum a titin Landan, sai ta miƙe ta ƙwala kiran sunanka. Ka san kunyar ɗan fari, ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba. Ba kai ba ne, amma kowa ya kasa gaya mata.

Baffa na Lau yana gaishe ka. Ka sa mu a addu'a. Don Allah, ka dawo ta kira ka amsa.

Ƙanwarka,
Aisatu