Hular da Na Saƙa wa Orrin

Asabar, 9 ga Fabrairu

Ya jefar da hular.

Lahadi, 10 ga Fabrairu

Jiya don haushi ban iya wuce layi ɗaya ba.

Hular da na saƙa wa Orrin ce, ta cikar shekararmu ɗaya da aure. Tun kaka nake fama da ita a ɓoye, ina saƙawa ina warwarewa, don ni ba gwana ba ce. Jan ulu, da farin layi a baki. A littafin da nake karantawa lokacin, matar wani matuƙin jirgin ruwa ta yi wa mijinta irinta, shi kuwa har jirgin ya nitse bai rabu da ita ba. Nawa mijin filin ƙanƙara kawai ya je kallon wasan hoki, ya dawo mini kai ba hula, kunnuwa ja wur, yana washe baki.

Wai Tarasiuk ya zura uku a wasa ɗaya. Na sani, ba daga sama na faɗo ba. Ɗan wasa ya ci uku, kowa ya cire hularsa ya wurga kan ƙanƙara. Amma ai tsofaffi ake jefawa, irin waɗanda masu sayar da taki ke rabawa kyauta.

Na ce, "Ina hularka?" Ya ce, "Marn, da kin ga ta ukun. Ta baya fa ya juyo, gola bai ma motsa ba." Ya ɗauki sandar goge ƙasa yana kwatanta mini a tsakiyar kicin, har ya zubar da ruwan kare. Sai da ya gama ya lura ba dariya nake ba.

Talata, 12 ga Fabrairu

Wane ne ma Brennan Tarasiuk ɗin? Mai gyaran taraktoci, haƙoransa na gaba babu. Ya taɓa zuwa birni zai zama babban ɗan wasa, gwiwa ta dawo da shi garinmu Wadlow. Shi ke nan labarin. Amma hotonsa na kan firjinmu, sama da na aurenmu. Tun Orrin na firamare yake binsa da ido. Ran nan sun haɗu a gidan mai, mutumin ya ce masa yau akwai sanyi, Orrin ya dawo gida ya yi mako yana maimaita mini yadda ya faɗa.

Ni ban taɓa faɗin abin da ya maimaita ba.

Ga shi an shiga wasannin neman kofi da mutanen Esterby, wanda ya fara cin wasa uku ya wuce. Don haka ba aski, ba wanke rigar ƙungiya, wai kada sa'a ta gudu. Gemunsa kamar ciyawar bayan shinge. Rigar kuwa, kare ma kewaya ta yake.

Na ce ya je ya karɓo mini hulata. Ya kalle ni kamar na ce ya tone kabari. Ai an riga an rataye hulunan a wayar da ke saman shagon abinci na filin, kuma ba a taɓa su sai an gama wasannin shekara. Taɓawa sa'a ce ke zubewa. Wai in yi haƙuri, ai tawa ce ta fi kowace kyau a wurin, daga ƙofa ake hango ta.

Alhamis, 14 ga Fabrairu

Ranar masoya. Cakulan daga gidan mai, da farashin a jiki, sannan ya tafi kallon atisayensu. Atisaye fa, ba wasa ba. Na cinye duka, na gama littafina a baho. Likitan da ke cikin labarin ya haƙura da gadon kakansa saboda yarinyar. Gado sukutum.

Asabar, 16 ga Fabrairu

Na ɗauko ta.

Doreen, mahaifiyar Orrin, ita ke riƙe da shagon abincin filin, ta kira ni da safe in taya ta naɗe ƙullin dankali na wasan yamma. Ina matse bakin ƙulli ina ɗaga kai. Tana can a tsakiya, tsakanin wata koriya mai maiƙo da wata ta farauta, hayaƙin suya yana shiga cikinta. Da Doreen ta fita ɗauko albasa a mota, na jawo wata karyayyiyar sandar hoki na zunguro ta, na cusa a aljihun kwat.

Tsoho Floyd mai gyara ƙanƙara yana tsaye bakin ƙofa da kofin kofi. Ya kurɓi kofinsa yana kallona. Na ce masa ina kwana, na koma kan ƙullina.

Tawa ce. Ni na saƙa. Ban ga inda sata ta shigo ba.

Lahadi, 17 ga Fabrairu

An cinye su. Wani ƙaton Esterby ya maka Tarasiuk da katanga, kafaɗa ta goce. Orrin bai ci abincin safe ba, a coci kuma ina jin abin da yake roƙo.

Ai mutum kan goce kafaɗa. Kullum ana gocewa.

Talata, 19 ga Fabrairu

Floyd ba ya magana, in ji mutane. To wa ya gaya wa gari?

A kantin maganin da nake aiki yau, matar da nake auna wa maganin hawan jini duk wata ta ce za ta jira abokiyar aikina. Wani ya leƙo ya tambaye ni ko muna sayar da maganin tsautsayi. Da na shiga shagon shayi, teburin manoma ya yi tsit, sai Gord Pelletier mai rumbun hatsin da Orrin ke aiki ya ɗora hannu biyu a kan hularsa, ya ce, "Jama'a, kowa ya riƙe tasa, ga ta nan." Suka fashe da dariya. Na ce, "Kwantar da hankalinka, Gord, taka ko kyauta ba mai so." Na fito ban karɓi kofin ba, ina isa mota na yi kuka. Na haushi, ba na komai ba.

Manyan mutane, masu jikoki. A kan ulu.

Laraba, 20 ga Fabrairu

Ya ji. Ya shigo ya kakkaɓe takalmi, ya daɗe yana kakkaɓewa. Ya ce, "Da gaske ne?" Na ce da gaske ne. Ya fita kwashe dusar ƙanƙara a hanyar da ya riga ya kwashe da safe.

Da ma faɗa ya yi. A littafi namiji kan daki tebur, ko ya kama hannunki ya faɗi abin da ke ransa. Wannan sai shebur kake ji, ƙarar-ƙarar.

Na kira yayata Colleen a birnin Regina. Ta ce ɗakin baƙi na nan, amma in tabbata ba a kan hula zan kashe aure ba. Na ce ba hula ba ce. Ta ce to mene ne. Na ce in ba ta gane ba ba zan iya bayani ba.

Na rubuta a nan don kada in janye: ranar da Orrin ya buɗe baki ya ce in mayar da ita kan wayar nan, ranar zan kama hanyar Regina. In ya zaɓi mai giɓin haƙori, ya je ya dafa masa.

Asabar, 23 ga Fabrairu

Sun sake faɗuwa jiya, can Esterby, ba Tarasiuk. Saura ɗaya a kore su.

Na sauko da jaka na ajiye bayan ƙofa. Ya gani. Ya tsallake ta kamar kare ne kwance.

Lahadi, 24 ga Fabrairu

Abincin rana gidan Doreen. Orrin ya fita duba mata batirin mota, muka rage mu biyu a kan wanke-wanke. Na shirya wa wa'azi, amsoshina a baki.

Sai ta kama labarin marigayi mijinta. Wai ta taɓa sayo masa hular gashi mai rufe kunne, da abin da ta tara na sayar da ƙwai, ya sa ta sau biyu ya wurga wa wani ɗan wasa da yanzu ko sunansa ba a tunawa. Ta yi wata ba ta yi masa magana ba. Na ce to kin gani. Ta ce, "Na gani, 'yata. Amma kin san Gord? Tsohuwar hula yake zuwa da ita a aljihu, saboda irin ranar. Marowaci ke nan. Mazan gidan nan ba su da wannan wayon, abin da ya fi musu daraja shi suke jefawa, sai sun iso gida su tuna." Ta miƙo mini faranti, ta ce har yanzu in ta tuna ranta na ɓaci.

To sai me? Wato in gode masa ke nan? Ni na zauna da allura har yatsuna suka yi kanta, shi ya samu daɗin jefawa, Tarasiuk ya samu girman. Ni na samu Gord.

Amma ba ta ce in mayar ba. Na lura da wannan.

Laraba, 27 ga Fabrairu

An ce Tarasiuk zai buga ran Asabar da kafaɗa a ɗaure. An kuma ce Gord da Floyd sun tsare Orrin a rumbu, wai ya zama namiji a gidansa, garin nan ya fi ƙarfin fushin mace ɗaya. Abokiyar aikina ce ta kawo mini, da ɗuminsa, tana jin daɗi.

Ya dawo ya zauna gaban miya bai sha ba. Ina wanke tukunya ina jira. Ina jin kalmar tana hawowa maƙogwaronsa tana komawa. Ya kalli firji, ya kalli jakar.

Bai faɗa ba. Bai kuma ce ba zai faɗa ba.

Juma'a, 1 ga Maris

Littafi a hannu, shafi ɗaya tun ɗazu. Mutanen ciki duk sun cika surutu.

Asabar, 2 ga Maris

Yanzun nan, yana shirin fita da rigar nan mai wari, ya tsaya bakin ƙofar ɗaki ya ce, "Marn, ina hular?"

Na ciro ta ƙarƙashin matashi na jefa masa a ƙirji. Na ce ya kai musu, ya rataye, ya haɗa da zoben auren in waya za ta ɗauka. Ya sunkuya ya ɗauka, ya ce yana jirana a mota.

Zan je. Ina so in ga ya rataye ta da idona, don kada in yi kewarsa a Regina. Makullin motata na aljihu.

Lahadi, 3 ga Maris

A kansa ya sa ta.

A bakin ƙofar filin ya sa, ya ja ta har kunne, ya kama hannuna muka ratsa ta gaban shagon abinci, ta ƙarƙashin wayar, gari duk yana kallo. Fuskarsa kamar mai rakiyar gawa, don shi ya yarda da abin nan har zuciya, ya yarda yana kashe ƙungiyarsa da kansa. Gord ya taso yana cewa, "Haba Orrin, yau ma?" Orrin ya ce, "Matata ce ta saƙa. Kai wa ya saƙa maka?" Iyakar jawabin ke nan. Likitan littafina shafi huɗu ya yi.

Na zauna da niyyar kallon agogo. Sanyin benci, warin suya, yara na dukan gilashin da ya kewaye filin. Esterby suka zura biyu tun ba a je ko'ina ba, na ji idanu a ƙeyata. Orrin bai taɓa hular ba, bai kuma kalle ni ba.

Sai mutumin nasa, Tarasiuk, ya fito. Ba zan ce komai ba sai abin da na gani. Hannu ɗaya ne ke aiki, ɗayan a manne da jiki. Ba ya sauri kamar samarin, sai ka ga kamar ya makara, amma duk inda baƙin faifan da ake bugawa zai je ka tarar yana can yana jira. Ya zura ɗaya. Esterby suka ƙara ta uku. Ya zura ta biyu yana kwance a ƙanƙara, ya tashi a kan gwiwa ɗaya yana haki, bakin nan ba haƙora. Orrin na ta faɗin sunansa a hankali, kamar mai lallashin jariri.

Dab da tashi aka cire golanmu aka ƙara mutum a gaba. Kowa a tsaye. Faifan ya zo masa, ya juya ta baya, irin juyin nan na kicin ɗina, ashe haka abin yake in ba da sandar goge ƙasa ba. Ya buga. Ƙarfen raga ya yi ƙara, faifan ya fita waje. Da ya shiga, ta ukunsa ke nan. Aka busa. An kore mu.

Can na ji Orrin ya ce, "Marn. Kunnuwana."

Hular tana hannuna. Na ɗaga ta sama da kafaɗa ma, kamar mai shirin jefawa. Ban san lokacin da ta bar kansa ba, ina jin zamewa ta yi da mutane suka miƙe, na tare. Na mayar masa. Har gida gemun nan yana motsi, na ce in ya yi dariya a mota zai kwana.

Har yanzu ban huce ba. Gobe Gord zai ce ni ce, ya faɗa. Hoton firji kuma sai ya sauka ƙasa da na aurenmu, na gaya wa Orrin. Jakar na bayan ƙofa, yau na gaji, gobe na kwance ta.

Ƙarfen ragar can ta gefen agogo kuwa a karkace yake, daga inda muke zaune ana gani sarai. Aikin Floyd ne. Ya kamata wani ya yi masa magana.