Baba Ya Ja Wa Mai Goge Shafin Allah Ya Isa, Bai San Ni Ba Ne

Gwaggo Yelwa, assalamu alaikum. Don Allah ki taimake ni da shawara, domin abin da ke cina a rai ba na iya faɗa wa kowa da baki. Kada ki nemi sunana. Kuma ki yi haƙuri da rubutuna, mu Hausawan Sudan Hausarmu ta baki ce, ban fi shekara biyu da fara rubuta ta ba.

Shekaruna talatin da takwas, ina da mata da 'ya'ya uku, muna zaune a Umbadda, yammacin Omdurman. Sana'ata gyaran waya, ina da ɗan teburi a Kasuwar Libiya. An haife ni a Jazira, a wani kambo, wato unguwar leburorin auduga, kusa da Madani. Mahaifina, Baba Jatau, yana ɗan shekara bakwai iyayensa suka shigo da shi ƙasar nan a ƙasa, za su Makka. Guzuri ya ƙare, suka tsaya tsintar auduga, tsayawar ke nan har yau. Yanzu ya tsufa, yana wurina. Mutum ne marar magana. Tun tasowata ban taɓa jin ya ba da labarin hanya ba. Kin san ƙasar da soja ke mulki, tsofaffinmu sun saba da kama baki, musamman a kan maganar asali.

Bara wani ɗalibi ya kawo mini wayarsa gyara. Sunansa Muhyiddeen, mutumin Damagaram ne, yana karatun shari'a a wata jami'a a Khartoum. Da ya ji ina Hausa da maƙwabcina sai ya tsaya hira, muka saba. Shi ya nuna mini cewa Wikipidiya tana da ɓangaren Hausa, kuma kowa yana iya rubutu a ciki. Na duba ko akwai wani abu a kanmu, Hausawan Jazira, ban ga ko layi ɗaya ba. Gwaggo, ina so ki riƙe wannan: ni na fara cewa ya kamata a rubuta. Ni, ba shi ba.

Na buɗe rajista da sunana. Mako uku ina rubutu a waya, tsakanin mai kawo gyara da mai karɓa, in an ɗauke wuta in jira. Na rubuta duk abin da na sani, yadda ake tsintar auduga, yadda ake gina kambo, abincinmu, bukukuwanmu. Na wallafa. Kwana biyu sai ga sanarwa a saman shafin, wai babu madogara, in ba a kawo ba za a goge. Na shiga wurin neman taimako na yi tambaya, wani bawan Allah daga Najeriya ya amsa mini da kirki, amma ban gane rabin abin da ya ce ba. Shi ya sa na hau mota har Khartoum na roƙi Muhyiddeen ya duba mini.

Ya duba kuwa, ba zan ci haƙƙinsa ba. Ya shiga ɗakin karatu ya nemo littattafai biyu na Larabci da wani kundin digiri, ya saka su, aka cire sanarwar. Shafi ya tsira. Amma da na buɗe na karanta, ban ga jimla ɗaya tawa ba. Duk ya sake su. Inda na rubuta tur'a, wato babbar hanyar ruwan da ke shayar da gonakin Jazira, wadda a cikinta muka koyi iyo, sai ya mayar da ita magudanar ruwa, kamar ta bayan gida. Da na yi magana sai ya yi dariya ya ce tur'a ba Hausa ba ce. Na yi dariya ni ma, amma abin ya tsaya mini a rai.

Duk wannan da sauƙi. Kuskurena shi ne da na kai shi gida ya gaida Baba.

Baba yana kishingiɗe a kan angarib, gadonmu na igiya. Muhyiddeen ya durƙusa ya gaishe shi da irin Hausar can, wadda babu Larabci ko ɗaya a cikinta. Wallahi Gwaggo sai na ga tsohon nan ya miƙe zaune. Ya tambaye shi garinsu, ya tambaye shi ko har yanzu ana kaza, ana kaza. Daga nan baki ya buɗe. Tun la'asar har aka kira magariba yana ba da labari. A ranar na fara jin cewa yana da ƙanwa mai suna Sakinatu, wadda ta rasu a hanya kafin su iso Fashir, aka binne ta a gindin wata bishiya. Shekara talatin da takwas ina ɗansa ban san ina da gwaggo mai wannan suna ba. Baƙon da ya gani yau ya faɗa wa. Ni kuwa ina gefe ina zuba musu gahawa.

Tun daga nan kowace Juma'a sai Muhyiddeen ya zo. Baba tun safe yake tambaya ko ɗan gida zai zo yau, haka yake kiransa. Matata Ni'mat ma ta san ranar sai ta ƙara hannu a girki. In na sa baki a hirarsu, Larabci ya kuɓuce mini kamar yadda muka saba, sai Baba ya ɗaga hannu ya ce, "Kai dai yi shiru ka ji Hausa." Ya faɗa da wasa ne, na sani. Amma sau nawa mutum zai ji wasa irin wannan?

Sannan aka zaɓi shafin aka ɗora a fuskar farko ta Wikipidiya har mako guda. Mutane daga Kano da Yamai suna ta rubuta wa Muhyiddeen godiya. Ya karanta wa Baba shafin gaba ɗaya, Baba ya share hawaye, ya fita masallaci yana gaya wa abokansa cewa yaron Damagaram ya saka su a littafin duniya. Ba wanda ya ambace ni. Shi Muhyiddeen ya ce sau ɗaya ai ni na fara, amma a hankali ya faɗa, Baba kuma bai ji ba, ko ya ji bai ɗauka ba.

Yanzu ga abin kunyar. Wata Talata da hantsi, wata mata ta bar mini wayarta gyara. Da na gama, sai na shiga shafin da wayar tata, ba da sunana ba, na goge sakin layi uku, waɗanda Muhyiddeen ya fi alfahari da su. Sai na ji sanyi a raina. Kafin azahar ya mayar da su. Bayan kwana huɗu na sake, da wata wayar. Na yi har sau uku. A na ukun na goge kusan rabin shafin.

Juma'ar da ta wuce ya zo ransa a ɓace. Ya gaya wa Baba cewa wani yana ta ɓata shafin, kuma alama ta nuna daga cikin Sudan ake yi. Ya juyo gare ni, wai tunda na san harkar waya in taimaka masa a gano ko wane ne. Sai Baba ya ce, "Duk wanda yake goge sunan iyayena bayan an rubuta, Allah ya isa tsakanina da shi."

Gwaggo, ina riƙe da butar gahawa lokacin. Ban san yadda na ajiye ta ba.

Yau kwana biyar ba na iya haɗa ido da shi. Abinci ba ya shiga. Na daina gogewa, amma abin mamaki kishin bai tafi ba. Har yanzu in na tuna Juma'a tana zuwa sai in ji raina ya ɓaci. Wani lokaci in ce ai yaron nan saura wata biyar ya gama ya koma ƙasarsu, in yi shiru komai ya wuce. Wani lokaci in ce to Allah ya isar fa, ita ma za ta bi shi Damagaram ne? In na faɗa, ina tsoron Baba ya ƙara ganin bambancin da ke tsakanina da shi. In ban faɗa ba, ina yawo da bakin uba a kaina. Me zan yi? Kuma shin ni kaɗai ne mai laifi?

Mai gyaran waya, Umbadda

*

Ɗana mai gyaran waya,

Wa alaikumus salam. Zan fara da tambayarka ta ƙarshe. A'a, ba kai kaɗai ke da laifi ba, amma naka ya fi girma, kuma ka sani, shi ya sa abinci ya ƙi shiga.

Muhyiddeen ya yi kuskure biyu. Ka roƙe shi ya gyara maka ɗaki, ya rushe ya gina nasa bai shawarce ka ba. Sannan ya yi wa kalmarka dariya. Kalmar da Hausawa suka yi shekara da shekaru suna faɗa a bakin gona ba ɗalibi ne zai zo ya kore ta da dariya ba. Amma ka dube shi da adalci. Ya ceci shafin da za a goge, ya ba tsohonka lokacinsa, ya kuma ce kai ka fara. Wanda yake son ƙwace maka wuri ba ya faɗin haka ko a hankali. Kai kuwa ka ɓata aikin da jama'a ke amfana da shi, ka kuma yi shi da wayoyin mutanen da suka ba ka amana. Wannan na biyun kada ka ƙara, ko da kishi zai kashe ka.

Ban ga alamar shafin ne ke damunka ba. Mahaifinka ne. To ka ji wani abu daga bakin tsohuwa: sau da yawa ya fi mana sauƙi mu buɗe wa baƙo ciwonmu a kan mu buɗe wa 'ya'yanmu, don ba ma son su ɗauki kayan da muka ɗauka. Kuma yaron nan ya zo masa da muryar da ya rabu da ji tun mutuwar iyayensa. Kewar gida ce ta motsa masa, ba ƙin ka ba. Ni ma in tambaye ka: a shekarun nan talatin da takwas, ka taɓa zama gabansa ka ce Baba ba ni labarin hanya? Ko kana jira ne ya fara?

Shawarar yin shiru har ya tafi, ka ajiye ta. Ga abin da za ka yi, kuma kafin Juma'a.

Ka je wurin Muhyiddeen kai kaɗai, ka ce ni ne. Kada ka haɗa da hujja a numfashi ɗaya. Ka bari ya ji zafinsa, yana da haƙƙin hakan. In ya huce, sai ka gaya masa abin da ya yi maka, har da maganar tur'a. Ina kyautata zaton bai taɓa sanin ta yi maka ciwo ba.

Game da shafin, da ka san abu biyu da ba ka kai nan ba. Kowane shafi yana da tarihinsa, inda ake ajiye duk abin da aka taɓa rubutawa. Ka buɗe ka sauka ƙasa, sunanka ne a layin farko, rubutunka na mako uku yana nan, ba wanda zai iya cire shi. Na biyu, akwai shafin tattaunawa, nan ake kai ƙorafi da suna a fili. Ka rubuta cewa mutanen wurin tur'a suke cewa, a bar kalmar a yi mata bayani. Littattafan da ya kawo na Larabci ne, zai yi wuya a rasa ta a cikinsu. Abin da ba ka gane ba kuma ka sake tambaya a wurin taimako, ka ce a yi maka bayani dalla-dalla. Ba wanda aka haifa da iyawa. Ka nemi Muhyiddeen ya koya maka saka madogara da hannunka kafin ya tafi, don shafin zai buƙaci mai kula da shi wanda ya san Jazira da ƙafarsa.

Labaran Baba kuwa, ba za su shiga can a matsayin madogara ba tunda ba a buga su a littafi ba, amma sun fi shafin daraja. Kai mai waya ne. In ya yarda, ka ɗauki muryarsa, ka ajiye wa 'ya'yanka. Ka yi masa tambaya da Hausar da kake da ita. In ya ce ka yi shiru ka ji Hausa, ka ce to Baba koya mini, ai a bakinka ya kamata in samu.

Amma kafin wannan, ka durƙusa gabansa ka faɗi gaskiya, ba tare da kowa a wurin ba. Ka gaya masa abin da ka yi da dalilin da ya sa, ka ce kishi ne, kada ka sake masa suna. Zai yi fushi, wataƙila ya yi kwana biyu bai kula ka ba. Ka jure. Na ga iyaye da yawa a rayuwata, ban taɓa ganin wanda ya gane cewa bakinsa a kan ɗansa ya sauka ba, sannan ya iya barci bai janye ba. Shi zai fi ka gaggawa.

Allah ya sanyaya maka zuciya, ya ƙara wa Baba Jatau lafiya, ya jiƙan Sakinatu.

Gwaggonka,
Yelwa