Maki Shidan da Wayar Bukar Ta Cinye Mini

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kwamitin Gasar Kurket ta Ƙarshen Mako, Azare da Kewaye, tare da sauran dattawan kwamiti.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan Alhaji yana lafiya, da iyali, da ƙafar nan da ta hana shi zuwa fili kwanan baya. Allah Ya ƙara sauƙi. Ni ne Sale mai zare, wanda teburinsa yake layin teloli a kasuwa, kuma mai bugu na goma sha ɗaya, wato na ƙarshe, a ƙungiyar 'Yan Tebur. Na san Alhaji ya san ni, don ni ne na taɓa shiga fili da makarin ƙauri a juye har Alhaji ya yi dariyar da ta sa shi tari.

Na zaɓi in rubuta wannan takarda a fili ne saboda maganar ta riga ta cika gari, kowa da irin tasa. Kuma in na zo gabanku da baki ba zan iya ba, don yau kwana huɗu ke nan da na fara magana sai dariya ta ƙwace mini. Ƙorafi na kawo, amma wallahi bakina har kunne nake rubuta shi.

Saboda waɗanda za su karanta ba su san wasan ba: mutum ɗaya ne yake jefo ƙwallo da niyyar ya kayar da turaku uku da aka kafa, wani kuma ya tsaya gabansu da sanda mai faɗi yana karewa. In turakun suka faɗi, ka fita. In ka doki ƙwallon ya gangara ya wuce iyaka, maki huɗu. In ya wuce ta sama bai taɓa ƙasa ba, maki shida. Ni shekarata uku ina wannan wasa, kuma mafi yawan abin da na taɓa ci a rana ɗaya maki biyu ne, ɗaya ma a cikinsu a gwiwar hannuna ƙwallon ya bugu.

Ga ƙorafina dalla-dalla.

Na ɗaya, matsayin da muke ciki. Ƙungiyoyi shida ne a gasar nan: mu, da Direbobi, da Malaman Makaranta, da baƙinmu na Misau, da Disina, da Sakwa. Doka ta goma sha huɗu ta ce duk ƙungiyar da ta ƙare a ƙasan jeri za a cire ta baɗi, a sa wata. Kafin wasan ƙarshe muna da maki ɗaya tak a jerin, shi ma ruwan sama ne ya ba mu ranar da aka tashi ba a gama ba. Direbobi suna da biyu, na nasarar da suka yi a kanmu a karon farko. Nasara maki biyu ce. Ke nan wanda ya ci wasan ƙarshe tsakaninmu da su ya tsira, wanda aka ci ya tattara.

Na biyu, abin da ya faru. Ranar Asabar ta makon jiya ne, a filin bayan makarantar firamare. Direbobi suka fara bugu kafin azahar, suka ci saba'in da ɗaya. Bayan sallah muka karɓa. Muka yi ta faɗuwa kamar yadda muka saba, amma ikon Allah makin yana ta taruwa, har aka zo jifa ta ƙarshe muna da sittin da takwas. Saura huɗu mu ci wasa, mutum tara sun fita, kuma ni ne a gaban turaku. Na waiga wajen 'yan ƙungiyarmu na ga kyaftin ɗinmu, Alhaji Yawale mai goro, ya riga ya fara naɗe tabarma.

Mai jifar Direbobi, Isyaku, dogo ne kamar falwaya. Ya taho da gudu. Yana ɗaga hannu sai aka ji an ɗauki kiran sallah. Ni dai ban tsaya ba, don ƙwallon ya riga ya nufo ni. Na rufe ido, wannan ba zan ɓoye wa Alhaji ba, na kai sanda da duk ƙarfin da tuwon shekara hamsin da huɗu ya tara mini. Na ji wani sauti mai daɗi a hannuna wanda ban taɓa jin irinsa ba. Da na buɗe ido sai na ga kowa ya ɗaga kai sama. Ƙwallon ya wuce tokar da muke zuba wa iyaka, ya wuce bishiyar darbejiya, ya sauka a kan kwanon ajin 'yan aji uku, ƙwaram!

Ranka ya daɗe, shida! Ni Sale! Na jefar da sanda, na yi gudu ban san inda na nufa ba, hulata ta faɗi na taka ta. Mutum huɗu suka zo ɗaga ni sama, ƙafa ɗaya kawai suka iya ɗagawa, muka zube gaba ɗaya. Alhaji Yawale, wanda ko a ɗaurin auren ɗansa ban ga haƙoransa ba, yana tsalle da tabarma a ka.

Na uku, hukuncin alƙali. Muna cikin wannan hali sai alƙalin wasa, Malam Garba, ya gicciye hannuwa ya ce ƙwallon ya mutu. Ya zaro takardar dokoki daga aljihu ya karanta mana doka ta tara, wadda ta ce da zarar an ji kiran sallah wasa ya tsaya nan take, kuma duk ƙwallon da ba a riga an doka ba za a sake jefa shi bayan an idar. Ina so in faɗa da babbar murya cewa ba ni da ja da wannan doka. Ita ce mafi kyau a cikin takardar duka, kuma da ni aka ɗaga hannu ranar da aka kafa ta. Malam Garba ma ban zarge shi da son kai ba. Shi ya koya mana wasan nan bayan ya yi ritaya daga koyarwa, da sandunan da ya sa kafinta ya sassaƙa, kuma abin da kunnensa ya ji shi ya hukunta.

Sai dai akwai abin da ya kamata ya tsayar da kowa a lokacin. Ladanin masallacin da ke jikin filin, Malam Ilu, yana zaune cikin 'yan kallo, rake a bakinsa. Na nuna shi da hannu biyu. Malam Garba ya ce masallatan Azare ba su ƙirguwa, kuma doka ba ta ce sai na kusa ba, cewa ta yi in an ji. Muka yi alwala muka zauna muna jira, babu wani masallaci da ya amsa. Sai da Malam Ilu ya gama rakensa a natse, ya wanke hannu, ya duba agogo, sannan ya je ya kira. Muka yi la'asar, aka mayar da ni gaban turaku. Isyaku ya jefo, na sake rufe ido, turaku suka watse. Aka rubuta Direbobi sun ci.

Da na koma gida matata Hajiya ta ajiye mini abinci na ce na ƙoshi. Ta ce ita dai abin da ya ba ta mamaki a labarin, wane ladani ne a garin nan yake fara kira bai hura lasifika sau biyu ya yi gyaran murya ba? Ban kula da maganarta ba a lokacin, haushi ya rufe mini kunne. Ashe ta fi mu duka hankali.

Na huɗu, kuma nan ne daɗin yake. Ranar Talata da rana ina zaune ina ware maɓallai sai ga Bukar, mai tsaron bayan turaku na Direbobi, wanda yake jan mota tsakanin Azare da Maiduguri. Ya yi sallama, ya zauna a kan benci, ya kasa haɗa ido da ni. Ya tambayi kasuwa, ya tambayi iyali, ya sake tambayar kasuwa. Can ya zaro wayarsa ya ajiye a kan teburina ya ce in yi haƙuri mu ɗan jira. Muka zauna muna kallon waya kamar masu jiran ƙwai ya ƙyanƙyashe. Sai ga ta ta ɗauki kiran sallah, da muryar nan mai zaƙi, ita ɗin dai da na ji a fili. Na leƙa masallacin kasuwa, ko buta ba a fara ɗauka ba. Na duba agogo, sai da aka yi sama da minti goma kafin a kira a ko'ina.

Bukar ya ce wayar a kan lokacin Maiduguri take, can kuma rana tana riga mu. Ranar wasa ya manta da ita a aljihun wando, alhali doka ta biyar ta hana shiga fili da waya. Yana tsugune taku uku a bayana ta kama kira. Ya danne ta da hannu, kiran ya yanke, kowa ya ɗauka iska ce ta juya. Ya ce ya buɗe baki zai faɗa sai ya ga alƙali ya riga ya yanke hukunci, 'yan'uwansa suna murna, sai nauyi ya kama shi. Kwana uku ya yi yana tuƙi abin yana cin sa, har ya wuce fasinja a bakin hanya bai tsaya ba.

Alhaji, ban san lokacin da na miƙe ba. Na rungume Bukar, na yi juyi, gefen rigata ya kwashe farantin maɓallai, suka watse har cikin kwata. Teloli suka bar kekunansu suka fito suna tambaya ko haihuwa aka yi mini. Na ce musu shidana ne ya dawo. Tun daga ranar duk wanda ya zo sayen zare sai ya ji labarin, da kwatance, da sandar awon yadi a hannuna. Wata tsohuwa ta zo sayen allura ɗaya sai da ta ji shi sau biyu.

Saboda haka ga roƙona ga kwamiti a zamanku na ranar Lahadi.

Da farko, a gyara doka ta tara. A rubuta cewa kiran masallacin da ke kusa da fili shi ne abin lura, ko kuma a sa alƙali ya tsayar da wasa da kansa minti biyar kafin lokaci, yadda ba za a sake barin ƙwallo a sama ana gardama a ƙasa ba.

Sannan a samo kwando, kowa ya zuba wayarsa a ciki kafin a fara. Alhaji Yawale ya ce zai bayar da na goro kyauta.

Sai maganar shidana. Ina roƙo a rubuta shi a littafin gasa da biro, a gaban sunana, a kuma ba 'Yan Tebur nasararsu. Wani a majalisa ya kawo shawarar a sake jefa ƙwallon karo na uku. Ina roƙon Alhaji da girman Allah kada a saurare shi. Na san kaina. Abin nan sau ɗaya ya zo, kuma ko ni ban ga yadda aka yi ba.

Na ƙarshe shi ne mai nauyi, kuma a nan dariyata take tsayawa. In kun ba mu nasarar, mun zama maki uku, Direbobi biyu. Su ne za su koma ƙasa, su doka ta goma sha huɗu za ta kora. Bukar ya san wannan lissafi sarai kafin ya tako zuwa teburina. Babu wanda ya gan shi, babu wanda ya zarge shi, da ya yi shiru da shi ke nan har abada. Na ce masa zan iya rubuta takardar nan ba tare da sunansa ba, ya ce a'a, in saka. Har yanzu bai iya gaya wa 'yan ƙungiyarsa ba, a nan za su karanta, kuma da su zai ci gaba da zama a tasha kullum.

Don haka ina roƙo a soke dokar korar nan ɗungurum. Mu nawa ne muke wannan wasa daga nan har Sakwa da za mu riƙa korar juna? In akwai sabuwar ƙungiya da take jira, a shigo da ita mu zama bakwai, fili bai cika ba. Yawancinmu mun haura hamsin. Ba kofi muke nema ba. Asabar ɗin nan ce kaɗai ranar da muke gudu, mu faɗi, a yi mana dariya, mu koma gida da yunwa ta gaske.

In kuwa kwamiti ya ga lallai sai an kori wata, to jiya mun zauna mu goma sha ɗaya a rumfar Alhaji Yawale mun yi shawara. Tara sun yarda nan take, ɗaya ya yi gunaguni sannan ya yarda. Ni ne na ƙarshen ɗaga hannu, kuma ba zan yi ƙarya ba, sai da idona ya kawo ruwa. Matsayarmu ita ce, in ba za a iya rubuta shidana ba sai an goge sunan Direbobi, to a bar littafin yadda yake, a cire mu. Ba za mu shiga fili baɗi muna wasa a gurbin mutumin da ya kawo mana gaskiya da ƙafarsa ba.

Allah Ya ƙara wa Alhaji lafiya da nisan kwana, Ya ba kwamiti ikon yin adalci, Ya saka wa Malam Garba da alheri bisa wahalar da yake sha da mu. Bukar kuma Allah Ya tsare masa hanya, Ya sanyaya zukatan abokan aikinsa idan sun kai wannan layi.

Wassalam.

Naku mai biyayya,
Sale mai zare,
a madadin ƙungiyar 'Yan Tebur, Azare.